Mai gadin da ba ya riƙe sanda

Ranar 27 ga watan Yuni 2017, kwamfutocin kamfanin Maersk na ƙasar Danmak, wanda a lokacin ya fi kowane kamfani jigilar kaya a teku, suka tsaya cik. Wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ce ta shiga ta hanyar manhajar lissafin haraji da ake aiki da ita a ƙasar Yukren, ta bazu cikin ofisoshin kamfanin a duniya. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a ƙofar tashoshin jiragen ruwa. Shugaban kamfanin ya bayyana cewa sai da aka sake girka kwamfuta 45.000, asara kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Hana aukuwar irin wannan masifa shi ne aikin jami'in tsaron bayanai. Kullum yana duba shige da fice cikin na'urorin kamfani, ko ya ga baƙon motsi. Yana neman kafar da ɓarawo zai iya bi, ya sa a toshe ta. Yana raba na'urori rukuni-rukuni, don kada ciwon ɗaya ya kama sauran. Yana tanadin kwafin muhimman bayanai a wani wuri dabam. Yana kuma horar da ma'aikata su bar buɗe saƙon da ba su san asalinsa ba.

Abin lura shi ne yadda Maersk ya tsira. Rajistar da ke bai wa ma'aikata izinin shiga kwamfutoci ta lalace ko'ina, sai a wani ofishi guda na Afirka ta Yamma, inda ɗaukewar wutar lantarki ta raba na'urar da sauran. Da wannan kwafi aka tada kamfanin. Sa'a ce ta yi aikin da ya kamata shiri ya yi.

Wahalar wannan jami'i ita ce, in ya yi aikinsa da kyau, ba a ganin komi. Saboda haka shugabanni sukan ɗauki kuɗin tsaro tamkar ɓarna. Ƙasa kamar Nijar, wadda kayanta ke bi ta tashoshin teku na maƙwabta, tana da ruwa da tsaki cikin wannan batu. Wajibi ne shugabannin bankuna, kamfanoni da ma'aikatu su saurari jami'in tsaro tun kafin ɓarawo ya shigo, domin rigakafi ya fi magani.