Shin shigar Banu Isra'ila Ƙasa Mai Tsarki hujja ce ga mamayar Falasɗinu a yau?

Tambaya:

Tun da aka fara yaƙin Gaza nake jin wasu na cewa Allah ne Ya ba Yahudawa ƙasar Falasɗinu, har ma Alƙur'ani ya tabbatar da hakan. Mene ne gaskiyar wannan magana?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: Ka sani, ya kai ɗan'uwa, asalin ƙissar gaskiya ce, bai halatta ka ƙaryata ta ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 20 zuwa ta 26, Annabi Musa (AS) ya umarci mutanensa su shiga Ƙasa Mai Tsarki da Allah Ya rubuta musu. Suka ji tsoron ƙarfafan mutanen da ke cikinta, suka ƙi, sai aka haramta musu ita shekara 40 suna ɗimuwa a sahara. Bayan rasuwar Annabi Musa, 'ya'yansu ne suka shige ta ƙarƙashin Yusha'u bn Nun (AS), wanda hadisin Musnad na Imamu Ahmad ya nuna an tsayar masa da rana a kan hanyarsa ta zuwa Baitul Maƙdis.

Na biyu: Ka dubi abin da ƙissar take koyarwa. Waɗanda aka hana shiga jikokin Annabi Yaƙub ne tsantsa, kuma Annabinsu na raye a tsakaninsu, amma nasaba ba ta amfane su ba da suka saɓa. Ashe alkawarin yana da sharaɗi, wato imani da biyayya. Haka Allah Ya sanar da Annabi Ibrahim a Baƙara, aya ta 124, cewa alkawarinSa ba ya samun azzalumai daga zuriyarsa. Annabi Musa da kansa ya gaya wa mutanensa a A'araf, aya ta 128, cewa ƙasa ta Allah ce, Yana gadar da ita ga wanda Ya so, kyakkyawan ƙarshe kuma na masu taƙawa ne.

Na uku: Littafin Joshuwa da ke hannun Ahlul Kitabi ya ba da labarin ƙetare Kogin Urdun, da rushewar ganuwar Ariha, da hallaka mazaunanta har mata da yara. Labaran Isra'iliyyat kashi uku ne: wanda shari'armu ta gaskata, da wanda ta ƙaryata, da wanda ta yi shiru a kansa. Ba a gina hukunci a kan irin waɗannan bayanai, balle a halatta jini da su.

Wannan ba tsohon zance ba ne kawai. 'Yan kama-wuri-zauna suna kiran Yammacin Kogin Urdun da Yahudiya da Samariya don ɗaure mamayarsu da waɗancan labarai. A Oktoban 2023 Benjamin Netanyahu ya ambaci Amalek, maƙiyan Banu Isra'ila na dā, yana magana kan yaƙin Gaza, kuma Afirka ta Kudu ta kafa hujja da kalaman a Kotun Duniya. A ranar 19 ga Yulin 2024 kotun ta bayyana cewa mamayar yankunan da aka ƙwace a 1967 ta saɓa wa doka. Tun kafin nan, a 1948, an raba Falasɗinawa sama da 700,000 da gidajensu. Umarnin da aka ba wani Annabi ta hanyar wahayi ba ya zama takardar mallaka ga gwamnatin da ba wahayin da ya sauko mata.

Na huɗu: Ka kiyayi wuce gona da iri. Abin ƙi shi ne zalunci da ƙwacen ƙasa, ba jinsi ba. Akwai Yahudawan da ke adawa da mamayar a fili, kuma Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa ka bar adalci. Sannan ka sa ƙissar ta zama madubi gare ka: idan saɓo ya hana mabiyan Annabi Musa nasara, mu ma sunan Musulunci kaɗai ba zai kawo mana ita ba. Ka taimaki waɗanda aka zalunta da addu'a, da dukiya ta amintacciyar hanya, da faɗin gaskiya.

Allah ne Mafi sani.