Kafin Tashar Nukiliya, a Fara Gwada Ƙarfen

Mai walda a kasuwar Kankara ya san waya ba ta tsinkewa a lanƙwasa ɗaya. Sai an yi ta lanƙwasawa ana miƙarwa. Injiniyoyi na kiran wannan gajiyar ƙarfe, kuma ita ta durƙusar da tashar nukiliya ta Monju a Japan.

A Disamban 1995, wani ɗan siririn kube na ma'aunin zafi da ke cikin bututun sanyaya tashar ya yi ta karkarwa saboda gudun narkakken sodiyam, har ya karye. Sodiyam ya kwararo ya kama da wuta, don ba ya ga maciji da iska. Tashar ba ta sake tashi ba sai 2010, kuma a 2016 gwamnati ta yanke shawarar rufe ta baki ɗaya.

Duk da haka ba a daina son narkakken ƙarfe ba, domin yana kwashe zafi sosai ba tare da an matsa shi kamar ruwa ba. Rasha na tafiyar da tashar BN-600 da sodiyam tun 1980, Beljiyam kuma na shirin gina tukunyar nukiliya ta MYRRHA a garin Mol da haɗin dalma da bismut. Sai dai narkakkiyar dalma tana cin ƙarfe, tana sa shi gautsi. Shi ya sa ake tsoma guntun ƙarfe a cikinta, na'ura ta yi ta ja tana saki sau dubbai, a ga lokacin da zai tsage.

Najeriya fa? Tukunyar nukiliyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mai kimanin kilowat 30, da ruwa ake sanyaya ta tun 2004. A 2017 an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha kan gina tashar lantarki ta nukiliya. Ko da a ce da ruwa za ta yi aiki, bututunta zai gaji, kuma bai kamata a dogara da mai sayarwa shi kaɗai ya ce ƙarfensa lafiya lau ba.

Ɗakin gwajin gajiyar ƙarfe bai kai kuɗin tasha ko kusa ba. Cibiyar binciken ƙarafa ta Jos da ta makamashi a Zariya za su iya haɗa shi, kuma rodin da ake gina gadoji da azuzuwa da shi daga Faskari zuwa Sabuwa ne zai fara shiga na'urar.