Kafin ka ajiye biro ka ɗauki jita

Mu da muke karatu a nan kudu mun saba jin Don Williams da Jim Reeves da Kenny Rogers a motar haya, a shagon aski, har a ɗakin maƙwabci ranar Lahadi da safe. Waƙar kantiri ke nan, ta karkarar kudancin Amurka. Mawaƙanta suna da labari kusan iri ɗaya: yaro ya taso da burin waƙa, ya ɗauki jitarsa ya nufi Nashville a jihar Tennessee, ya sha wuya, daga baya duniya ta san shi. Masu cewa "bi burinka kawai" da irin wannan labarin suke kafa hujja. Ni dai ina ganin rabin labarin suke ba mu.

Ɗauki Kris Kristofferson. Ya karanci adabin Ingilishi a Oxford, ya shiga soja ya kai kyaftin, yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu. A 1965 aka ba shi aikin koyarwa a makarantar hafsoshi ta West Point. Yana da shekara 29, wato sa'an da yawa daga cikinmu, ya ce a'a, ya tafi Nashville rubuta waƙa. Iyayensa suka juya masa baya. Ya koma shara a situdiyon kamfanin Columbia, aurensa ma ya mutu. Sai a 1970 Johnny Cash ya rera wata waƙarsa, ta ci kyautar waƙar shekara.

To ga abin da ba a cika faɗa ba. A cikin shekarun nan biyar, mutumin yana zuwa Louisiana yana tuƙa jirgi, yana kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku. Wato sana'ar da ya koya kafin waƙa tana cikin abin da ya riƙe shi har waƙar ta fara biya. Bai saki reshe ya kama ganye ba, malam. Ya bar muƙami, amma ƙwarewarsa tana hannunsa.

Sai Dolly Parton. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12 a gidan talakawa a tsaunukan Tennessee. Ta tafi Nashville a 1964, amma sai washegarin ranar da ta kammala sakandare. Da ta rubuta "I Will Always Love You", Elvis Presley ya so ya rera ta, sai manajansa ya ce dole a ba su rabin haƙƙin mallakar waƙar. Ta ƙi. Ka duba fa, Elvis! A 1992 Whitney Houston ta rera waƙar, ta zagaye duniya, kason marubuciya da na mai mallaka suka dawo wa Dolly. Murya ce ta kai ta Nashville, amma sanin darajar abin da ta rubuta ne ya sa ba ta ƙare tana yi wa wasu noma ba.

Kuma waɗannan su ne suka dace. Mutanen Nashville da kansu suna kiransa garin shekara goma, don kusan haka ake ɗauka kafin a san da kai, in ma an sani. Chris Stapleton ya isa can a 2001, ya yi ta rubuta wa wasu, sai a 2015 kundinsa na farko shi kaɗai ya fito, yana da shekara 37. Gidan shan shayin nan na Bluebird, inda aka gano Garth Brooks da Taylor Swift, kujerunsa kusan 90 ne kawai. Waɗanda suka hau dandalin suka sauka ba wanda ya nemi lambarsu, wa ya san sunayensu? Ba a yin fim a kansu.

Me ya kawo wannan magana? A cikinmu akwai masu baiwa, wallahi akwai. Wani yana rubuta baiti a bayan littafin lacca, wata tana da muryar da in ta rera a ɗakin kwana sai kowa ya yi tsit. Kuma mun san abin da ke jiransu a gida. Da zarar ka ce waƙa, sai a ce ɗan gidan mutunci zai zama maroƙi. Shi ya sa wasu ke binne baiwar gaba ɗaya, wasu kuma zuciya ta ɗebe su su watsar da karatu a aji uku.

Duka biyun asara ne. Na san wani zai ce mai kama tsuntsu biyu ba ya kama ko ɗaya, waƙa tana son mutum ɗungurungum. Akwai gaskiya a ciki, ranar zaɓi tana iya zuwa. Amma gara ta same ka da shaidar karatu a jaka da abin yi a hannu. Mai jin yunwa duk takardar da aka miƙo masa zai sa hannu, a saye waƙarsa da kuɗin cefanen wata ɗaya, wani ya ci ribarta shekara da shekaru. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Cikin masu burin waƙa a cikinmu, mutum nawa ne suka taɓa buɗe ta?

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka ƙarasa karatunka, ki ƙarasa naki. A ci gaba da rubutu, a ajiye shaidar abin da aka rubuta, kada a sa hannu a abin da ba a karanta ba. Mu kuma sauran, mu rage yi wa masu baiwa dariya a hostel. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ba a gudun da ciki wayam.

Allah Ya ba kowa sa'ar abin da ya sa gaba na alheri.