Daga Matsuyama zuwa Minna: Yaron da ke ɗaukar jakar oga

A watan Afrilun 2021 Hideki Matsuyama ya lashe gasar Masters a Augusta da ke Amurka, ya zama namiji na farko daga Japan da ya ci ɗaya daga cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya. Abin da ya fi zama a zukatan masu kallo shi ne mai ɗaukar masa jaka, Shota Hayafuji, wanda ya mayar da tuta cikin ramin ƙarshe, ya cire hula, ya rusuna wa filin.

Matsuyama bai faɗo daga sama ba. An haife shi a 1992, mahaifinsa ya fara koya masa wasan yana ɗan shekara huɗu, daga baya ya ci gaba da bugawa a Jami'ar Tohoku Fukushi da ke Sendai. Yana ɗalibi ya ci gasar 'yan koyo ta Asiya a 2010, nasarar da ta ba shi gurbi a Masters ta 2011, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasar da ta auka wa yankin jami'arsa. Sai a 2013 ya shiga sahun ƙwararru. Makaranta ta riƙe shi, gasa ta kai shi gaba.

A Najeriya kuwa, golf wasan manya ne. Filin da ya fi suna a Abuja yana ɗauke da sunan Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, kuma duk hadimin da ya taɓa jiran ubangidansa a can ranar Asabar ya san cewa wani lokaci maganar kwangila ta fi bugun ƙwallo yawa. A Minna ma filin golf ɗin na barikin soja ne. Ɗan talaka yana shiga irin waɗannan wurare ne da jakar wani a kafaɗa. Shi ya san inda ƙasa ta karkata, shi ke raɗa wa oga sandar da zai ɗauka, sannan a sallame shi da na shan ruwa.

Za a ce jihar da ke fama da 'yan bindiga a Shiroro da Mariga tana da abin da ya fi golf muhimmanci. Gaskiya ne, kuma babu mai neman a gina sabon fili. Filayen suna nan, hanyar shiga ce babu. Kafin gasar Nigerian Open ta dusashe, Sandy Lyle ya ci ta a 1978, Vijay Singh ya ci a 1988 da 1989, dukansu biyu kuma suka lashe Masters daga baya. Ƙasar da ta zama matakala ga baƙi ta kasa kafa wa 'ya'yanta tsani.

Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ma'aikatar wasanni a 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko, tana iya sa ƙungiyoyin golf su ware rana guda a mako ga masu ɗaukar jaka da 'yan makaranta, ta kuma shirya musu gasa mai tsayayyen lokaci kowace shekara. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna tana iya ba zakarun gurbin karatu. Takardar da za ta fara wannan aiki ba ta wuce shafi ɗaya ba, kuma hadiman da ke jiran oga a bakin fili su ne masu rubuta irinta.