Dam a Saman Ɗaki

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba, irin su Kanada da arewacin Amurka, akwai wata cutar rufi da ke addabar masu gidaje duk hunturu. Dusar ta kwanta a kan rufi, ɗumin cikin gida ya ratsa silin ya narkar da ta ƙasa, ruwan ya gangaro. Da ya iso bakin rufi, inda ɗumin bai kai ba, sai ya sake daskarewa ya zama tudu. Ruwan da ke biye ya tarar an tare masa hanya, ya taru, ya koma da baya ta ƙarƙashin rufin, ya ɓullo a silin da bango. Wannan tudu shi suke kira dam ɗin ƙanƙara. A hunturun da ya ƙare a 2015, birnin Boston ya sha dusar da ta haura inci 100, kuma gidaje masu yawa sun yi yoyo ta wannan hanya. Maganin da masana gini ke bayarwa a can shi ne a toshe kafofin da ɗumi ke bi, a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, a bar iska tana ratsa ƙarƙashin rufi don ya yi sanyi bai ɗaya.

Mu nan muna da gari sukutum mai suna Ƙanƙara, amma ƙanƙarar da muka sani ita ce mai faɗowa da hadari ta fasa ganyen masara ta narke. Duk da haka dam ɗin yana saman ɗakunanmu, kuma da kuɗinmu muke gina shi.

Ina nufin rufin da ake yayi yanzu daga Funtua zuwa Faskari da Sabuwa, wanda ake ɗaga katanga ta kewaye kwano ta ɓoye shi. Ruwan da a da yake zuba ta bakin kwano kai tsaye zuwa ƙasa, yanzu sai ya taru a wata kwata ta kankare a bayan katangar, ya jira bututu biyu ko uku su fitar da shi. Ƙurar hunturu ta wata huɗu tana nan kwance a kwatar, ga ganyen darbejiya, ga leda, ga sheƙar tsuntsu. Ruwan farko ya kwaɓa su, bakin bututu ya toshe.

A yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare guda, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta a kudancin Katsina, ya karɓi lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25. Idan ruwan ya kwanta zurfin santimita 10, kowane murabba'in mita yana ɗauke da kilo 100, nauyin buhun siminti biyu. Kwano an yi shi ne don ruwa mai wucewa. Da zarar ruwa ya tsaya sai ya bi mahaɗar falle da falle da ramin ƙusa ya shiga, katako ya jiƙa, gara ta samu gida, rodin cikin kankare ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga shi. Mai gida kuwa tabon silin kawai yake gani, sai ya kira mai fenti.

Magina za su ce katangar tana kare kwano daga guguwar farkon damina, kuma gaskiya ne. Duk wanda ya ga yadda iskar Mayu ke yaye rufin azuzuwa ba zai raina wannan hujja ba. Za su kuma ce ai soron kakanninmu ma da rawani yake. Nan ne nake ganin an ɗauki rabin gado an bar rabi. Mai soro ya san ruwa zai tsaya masa, don haka ya karkata daɓen wajen indararo, ya sa indararon ya yi tsawo don kada ruwa ya ci gindin bango, ya shafe saman da laso ko makuba. Uwa uba, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an share an yi yaɓe. Shi ya sa a ƙauyukan da rashin tsaro ya tashi mutanensu, ɗakunan da suka yi shekaru a tsaye suke zubewa cikin damina ɗaya ko biyu. Ba wanda ya rage ya hau ya buɗe indararo.

Ma'aikacin da ke zaune a Abuja ko Kaduna yana aiko da kuɗin gini gida, halinsa bai yi nisa da wannan ba, domin shi ma ba ya nan ranar da za a hau. Shawarata gare shi ita ce ya yi rufi mai baki a waje, a ɗaure katakonsa da ƙarfe a jikin bango saboda iska. In kuwa ya nace sai ɓoyayyen rufi, to ya tsaya a kan abu uku tun gini bai kai sama ba: kwatar ta zama mai faɗi da gangara, bututun ya zama inci 4 (bakinsa ya kusa ninka na inci 3), sannan a huda katangar sama kaɗan da bakin bututu, ƙasa da bakin kwano, domin in ya toshe ruwa ya zubo waje inda kowa zai gani. Magini zai ce hudar ta ɓata kwalliya. A bar shi ya faɗa.

Sauran aikin na watan Afrilu ne. A sa tsani, a kwashe ƙasar da ke kwatar, a zuba ruwa bokiti biyu, wani ya tsaya a ƙasa ya ga ko ya fito da ƙarfi.