GANI BAI KORI JI BA: Wayar Iska A Kunnen Masu Ɗaukar Fim A Kasuwar Kifi Ta Baga Road

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan magana tana ci a gaban alƙali da wurin cinikin doki, amma a sana'ar shirya fim ba ta ci. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu, ya zauna har ƙarshe, amma da zarar magana ta shige masa duhu, ya kasa gane abin da ake faɗi, to, ba zai jima ba zai kaɗe rigarsa ya tashi. Tun 1927 da aka nuna The Jazz Singer a Amurka, da 1931 da Indiya ta fito da Alam Ara, fim ɗinta na farko mai magana, kunne ya zama abokin tarayyar ido a gidan silima. A nan gida kuwa, tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990, ɗaya daga cikin koke-koken masu kallon finafinan Hausa shi ne na sauti: ko murya ta yi nisa, ko iska ta cinye ta. Yau da jama'a da yawa ke kallo a waya, sun toshe kunnuwa da abin saurare, aibin sauti ba shi da wurin ɓuya.

Duk mai son ya gwada ƙwarewar mai ɗaukar sauti, to, ya kai shi Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri. Nan ne ake sauke bandar da ake kawowa daga gaɓar Tafkin Chadi, musamman Baga da Doron Baga, tafiyar kimanin kilomita 200 arewa maso gabas, sa'an nan a ɗaure ta cikin kwalaye, manyan motoci su ɗauka zuwa Kano da Anacha da Ikko. Dillali na daka ciniki da Hausa, na kusa da shi na amsawa da Kanuri ko Larabcin Shuwa, 'yan dako na neman hanya, Keke Napep na hon a bakin titi, ga janareta na ruri a bayan rumfa. 'Yan jarida na gida da na waje sun sha shiga wannan kasuwa da kyamarorinsu, domin labarin kifin Chadi labarin Barno ne gaba ɗaya. Abin tambaya shi ne, a cikin wannan hayaniya, yaya mai ba da umarni zai tabbata cewa maganar da ya zo ɗauka ta shiga?

YADDA ABIN YAKE AIKI

A da, amsar ita ce waya. Akan ja doguwar waya daga na'urar ɗaukar sauti zuwa abin sauraren da darakta ya ɗora a ka. Amma a kasuwa waya masifa ce: mai baro zai taka ta, ɗan dako da kwali a kansa zai harɗe da ita, in kuwa kayan mutum suka zube, ranar aikin ta ƙare a wurin sulhu. Don haka aka koma ga abin da mutanen da ke kira wayar iska.

Tafiyar muryar zango biyu ce. A zango na farko, akan maƙala wa mai magana ɗan ƙaramin makirufo a wuyan riga, a haɗa shi da wani ɗan akwati da ake sa masa a aljihu ko a ƙugu. Wannan akwati ƙaramar tashar rediyo ce, yana aika muryar ta iska zuwa jakar da mai ɗaukar sauti ya rataya a ƙirji, inda ake daidaita ta a naɗe ta. A zango na biyu, akwai wani akwatin a jikin jakar wanda yake sake watsa muryar da aka daidaita zuwa ga ƙananan akwatuna masu karɓa. Darakta na da ɗaya, mai riƙe da sandar makirufo na da ɗaya, mai bin rubutun labari na da ɗaya. Idan hira ake yi da Kanuri alhali darakta Hausa kaɗai yake ji, to, tafinta ma sai an ba shi nasa, don ya riƙa raɗa masa abin da ake faɗi. A manyan wuraren ɗaukar fim na Amurka an saba da na'urorin Comtek da Lectrosonics domin wannan aiki, masu ƙaramin ƙarfi kuwa sukan dogara ga na Sennheiser da makamantansu.

Mutum ɗaya ne ba a yarda ya saurara ta iska ba, shi ne mai ɗaukar sautin kansa. Nasa abin sauraren da waya yake haɗe da na'urar naɗiya, domin shi ne alƙali. Idan darakta ya ji ƙara a kunnensa, tilas a sami wanda zai iya cewa ƙarar ta shiga abin da aka naɗa, ko kuwa a hanyar zuwa kunnen darakta kaɗai ta tsaya. Rashin gane wannan bambanci yakan sa a maimaita fitowar da ba ta da aibi, ko kuma, abin da ya fi muni, a wuce wadda ta lalace.

ABOKAN GABAR WAYAR ISKA

Kamfanoni sukan ce na'urarsu na cin mita 100 ko fiye, amma wannan lissafin fili ne fetal, inda mai aikawa ke hangen mai karɓa. A kasuwa abin ya sha bamban. Jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye saƙon rediyo, saboda haka cinkoson jama'a katanga ce. Rufin kwano da jikin manyan motoci su kuma mayar da saƙon suke yi kamar madubi, har ya isa ga mai karɓa ta hanyoyi biyu ko uku, wani ya kashe wani, murya ta ɗauke ɗif na ɗan lokaci. Wannan ne dalilin da ya sa na'urori masu kyau suke da eriya biyu, suna zaɓen wadda ta fi samu. Dabara mafi araha ita ce a ɗaga eriya bisa sanda ta wuce kawunan mutane. Kuma kada a manna akwatin da ke aika wa darakta a jikin wanda ke karɓo muryar mai magana, gama ya zama kamar mutum na kasa kunne ga raɗa daga nesa, wani kuma na yi masa ihu a gefen kunne.

Sai batun zangon da ake aiki a kansa. Yawancin na'urorin ƙwararru suna zaune ne a zangon UHF, daga megahaz 470 zuwa sama, inda suke raba gida da tashoshin talabijin. Wannan gida kuwa ya ƙuntata. Nijeriya ta fara komawa talabijin na dijital a Jos cikin watan Afrilu na 2016, kuma kamfanonin wayar salula sun shiga zangunan 700 da 800. A Amurka an yi gwanjon zangon 600 wanda aka kammala a 2017, aka kuma hana makirufo maras waya zama a mafi yawansa daga watan Yuli na 2020. Saboda haka mai sayen na'urar hannu ya duba lambobin da aka rubuta a jikinta tun kafin ya biya, ya kuma nemi bayani daga hukumomin NCC da NBC, waɗanda ke kula da rabon zanguna a harkar sadarwa da ta watsa labarai. Araha ba ta ado. Ƙananan na'urorin da suka cika kasuwa yanzu, masu aiki a kan gigahaz 2.4, suna da sauƙin kuɗi da sauƙin sarrafawa, amma a zango ɗaya suke da Wi-Fi da Bluetooth na wayoyin da ke aljihun 'yan kasuwa. Wanda ya gwada na'urarsa da sassafe kafin kasuwa ta ci, ya ji ta tangaran, bai gwada komai ba tukuna. Gwaji na gaskiya sai a daidai lokacin da za a yi aikin.

Akwai kuma masu cewa me zai hana darakta ya sa abin sauraren Bluetooth nasa na waya kawai? Abin da zai hana shi ne jinkiri. A ƙa'idar talabijin ta Nijeriya hoto 25 ke wucewa cikin daƙiƙa guda, Bluetooth kuwa sau da yawa yakan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, watau hoto biyar ke nan. Darakta zai ga baki ya motsa, sai daga baya murya ta iso, kamar mai hangen masu daka daga nesa, yana ganin taɓarya ta sauka kafin ya ji dukan. Da irin wannan ba a iya auna ko ɗan wasa ya faɗi magana a kan gaɓa. Mai riƙe da sanda kuwa, wanda ke jin muryar da kunnensa kuma yana jin ta a na'ura, ruɗewa zai yi.

Batun batir ma ba na wasa ba ne a Maiduguri. Mutanen garin ba su manta da dogon duhun da suka shiga ba bayan an lalata turakun lantarki na hanyar Damaturu a watan Janairu na 2021, har aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas a watan Maris na 2023. Mai hankali yakan fito da batir ninki biyu na abin da yake zaton zai ci, ya kuma ajiye shi a inuwa saboda zafin bazara. Haka nan ya tausaya wa kunnensa. A cikin hayaniya mutum yakan yi ta ƙara murya ba tare da ya sani ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar abin da ya dace ga baligi shi ne ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. Abin saurare mai rufe kunne ruf ya fi, domin yana tare hayaniyar waje, ba sai an ƙure murya ba.

AMANAR DA KE YAWO A ISKA

Duk waɗannan matsaloli ne na aiki, kuɗi da ƙwarewa na maganinsu. Akwai wadda ta fi su nauyi. Wannan kasuwa ta ga tashin hankali. An kai mata hari a watan Fabrairu na 2012, bam ya tashi a cikinta ranar 7 ga Maris na 2015, aka sake a watan Yuni na wannan shekara, an kuwa yi asarar rayuka masu yawa. Akwai shekarun da sojoji suka hana safarar kifi daga tafkin, bisa zargin cewa masu tayar da ƙayar baya na samun kuɗi da shi, kuma rahoton ƙungiyar International Crisis Group na 2019 ya yi bayanin harajin da 'yan ISWAP ke karɓa daga masunta. Ashe ke nan, ɗan kasuwar da ya yarda aka maƙala masa makirufo ya ba da labarin yadda kifinsa ya iso Maiduguri, ransa ya ɗauka ya damƙa a hannun masu fim.

Na'urar wayar iska irin ta da, wadda ba ta dijital ba, ba ta da ƙofa balle makulli. Duk wanda ke kusa, yana da mai karɓa a kan wannan zango, zai ji abin da darakta ke ji. Har ila yau, makirufon wuyan riga bai san an ce a tsaya ba. An kashe kyamara, mutum ya koma rumfarsa yana hira da ɗan'uwansa, ko ya amsa waya, ko ya zaga bayan gida, alhali muryarsa na shiga kunnuwa huɗu ko biyar. Wannan tarko bai bar manya ba. A watan Afrilu na 2010, Firayim Ministan Birtaniya Gordon Brown ya shiga mota da makirufon 'yan talabijin a jikinsa, ya kushe wata dattijuwa da ya gama gaisawa da ita, kafin rana ta faɗi duniya ta ji, ya koma gidanta neman gafara. Shi kunya ya sha. Mai banda a Baga Road abin da zai rasa ya fi kunya. Magana zarar bunu ce.

Saboda haka wajibi ne masu wannan sana'a su riƙe wasu ƙa'idodi. A gaya wa mai magana, da harshen da yake ji, cewa muddin abin nan na jikinsa ana jin sa, a kuma nuna masa mutanen da ke jin. Mai ɗaukar sauti ya saita na'urarsa yadda da zarar ya rufe murya, kunnuwan sauran ma sun rufe. A ƙidaya akwatunan saurare da safe, a san hannun da kowane yake, a sake ƙidayawa da yamma, kada a miƙa wa ɗan kallo don ya ji daɗi. Idan hirar mai nauyi ce, a nemi na'urar dijital mai kulle murya, in babu, a kashe ta iska gaba ɗaya, a koma daki, a ja waya. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma tun kafin doka, amana ta riga ta hana.

Daga ƙarshe, kada a manta cewa a wurin da bam ya taɓa tashi, baƙo mai waya a ƙarƙashin riga da akwati mai eriya a ƙugu abin tsoro ne, kuma jama'a na da hujja. Kafin a shiga, a sami shugabannin kasuwa da jami'an tsaron da ke wurin, a buɗe jaka a gabansu, a sa wa shugaba abin sauraren ya ji da kunnensa abin da yake yi. Rabin awa da aka kashe a kan wannan ya fi kwana a wurin amsa tambayoyi. Kayan aiki kowa na iya saya in yana da kuɗi, amma mutanen Baga Road ba za su sake buɗe baki ga wanda ya yi sakaci da muryarsu ba, kuma laifin mutum ɗaya zai rufe ƙofa ga duk mai kyamarar da zai zo bayansa. Allah ya sa a kiyaye.