Wutsiyar Tauraro Ba Ta Kashe Sarki

Tun da tauraro mai wutsiya ya fito yamma da gari a tsakiyar watan Oktoban 2024, zauren Maigida a nan Gumani bai huta ba. Wannan ya shigo da waya a hannu, wancan ya aiko ɗansa, tambayar dai ɗaya ce: wane ne zai mutu? Da muka bi diddigi sai muka tarar da wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi wurin wanda ya yi karatu ba, amma ya rantse cewa wani babban sarki zai faɗi, kuma jini zai zuba a zaɓen 7 ga Disamba. Ya rufe da lissafin abin da za a kawo na sadaka. Mun san wata gyatuma da ta sayar da akuyarta ɗaya tilo saboda wannan magana. Shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Mun san abin da za a ce mana: ai tun kaka da kakanni ake cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Gaskiya ne, da wannan kirari aka yaye mu. Amma kirari ba nassi ba ne, kuma nassin yana nan. Muslim ya ruwaito cewa wani dare an yi jifa da tauraro Manzon Allah (SAW) yana zaune da sahabbai, ya tambaye su abin da suke faɗa game da irin wannan a jahiliyya. Suka ce sukan ce an haifi wani babba ko wani babba ya mutu. Ya kore wannan zato, ya nuna musu ba don mutuwar kowa ko rayuwarsa ake yin haka ba. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi kusufi, mutane suka danganta abin da rasuwar, a nan ma ya hana su, ya umarce su da salla. Idan sama ba ta yi makoki don ɗan Annabi ba, wane sarki ne ko ɗan takara za ta fito wa da wutsiya?

Shi kansa tauraron ba ɓoyayye ba ne. Masu duban sama a ƙasar Sin suka fara hango shi a Janairun 2023, wata na'ura a Afirka ta Kudu ta sake kama shi a Fabrairu, aka haɗa sunayen biyu aka kira shi Tsuchinshan-ATLAS. Tun a lokacin aka lissafa hanyarsa, aka ce zai fi kusantar duniya ranar 12 ga Oktoban 2024, kuma haka aka yi, ya wuce mu da tazarar kilomita wajen miliyan 70. Dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura. In ya matso rana sai zafi ya tayar da tururi da ƙura daga jikinsa, haske da iskar rana su tura su baya, shi ya sa kullum wutsiyar take juya wa rana baya. Abin da aka sanar da zuwansa fiye da shekara ɗaya da rabi kafin ya iso, mai saƙon murya bai ce uffan a kansa ba sai da kowa ya gan shi da ido. Ina ilimin gaibun yake a lokacin?

Kada wani ya ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Da tauraron Halley ya zo a 1910, 'yan damfara a Amurka sun sayar wa mutane ƙwayoyin kariya daga wutsiyarsa. A 1997, shekarar Hale-Bopp, wanda da yawanmu muka kalla daga ƙofar gida, mutum 39 na wata ƙungiya a Kaliforniya suka hallaka kansu suna zaton wani jirgi na biye da shi zai ɗauke su. Kasuwar tsoro tsohuwa ce, kayan kawai ake sauyawa.

Amma tamu ta fi haɗari, kuma a nan ne muke so a saurare mu da kyau. Mu Hausawa 'yan kaɗan ne a ƙasar Dagomba. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a Maris na 2002 ya tuna abin da ya faru a Yendi, ya tuna dokar hana fita a Tamale, ya kuma san sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya-Na. A irin wannan ƙasa, maganar mutuwar sarki ba abin wasa da baki ba ce. Saƙon nan da Hausa aka yi shi. In ya faɗa kunnen da bai kamata ba, babu mai neman wanda ya fara shi. Za a ce mutanen Zango ne suke yi wa sarauta fatan tsiya. Wanda ya tura shi gaba da yatsa ɗaya, wai don a yi addu'a, ya ɗora wa maƙwabcinsa mai sayar da goro kayan da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Samarinmu masu raha da abin, suna liƙa wa tauraron hoton jam'iyya suna dariya, ba mu ce sun yi saɓo ba, amma su ma ba su ɗaga kai sun duba ba. Mun tambayi bakwai daga cikinsu su nuna mana Zara, wadda a daren take haske a yamma kusa da inda tauraron yake. Ko ɗaya bai iya ba. Ga shi kuwa mu ne al'ummar da take fita neman jinjirin wata a wannan kusurwa, jikokin fatake da suka bi Kaza da 'Ya'yanta da Gamzaki daga Kano har Salaga.

Sadaka alheri ce a kowane dare, wanda ya ga aya ya yi tasbihi ya kyauta. Abin da Maigida ya ce mu sanar shi ne: duk wanda saƙon ya iso wayarsa ya goge shi, kuma wanda ya karɓi kuɗin akuyar gyatumar nan ana jiransa a zaure ranar Juma'a bayan la'asar.